Wat Goma Sha Biyar

A tsibirinmu wutar lantarki baƙuwa ce,
ta zo da faɗuwar rana, ƙarfe goma ta yi sallama.
Janaretan Nong Ponciano na tari
kamar tsohon da taba ta cinye wa ƙirji.
Ni ke riƙe da littafin ƙungiyar masunta:
kilo nawa na ƙaguwa, bashin man wa,
wa ya biya, wa ya ce sai jibi.

Tsohuwar kwamfutata a cinyata ta cika,
ina dab da rufe lissafin Afirilu.
Ta yi ta huci, fankarta na kukan sauro,
ta ɗau zafi har na ɗora ta a murfin tukunya,
sannan shiru.
Lissafin mutum arba'in da ɗaya ya bi ta.

Kwalekwale, sai bas, sai Iloilo.
Shagon da sanyi kamar cikin randa.
Yaron shago, Renante, ya ajiye min biyu.
Ya shafa ta farko, baƙa, mai ƙiba:
"Ƙwaƙwalwar wannan damisa ce, Manang Luningning.
Kafin ki ƙifta ido ta gama."
Na ce, to, damisar taka me take ci?
Ya duba takarda. "Wat arba'in da biyar.
In ta fusata ta fi haka."
Ɗayar fa?
"Sha biyar." Ya faɗa a ciki-ciki,
kamar mai ambaton ɗan'uwan da bai yi arziki ba.

Na ce kunna su, ba su aiki.
Na sa tafin hannu a ƙarƙashin kowace,
yadda uwata ke taɓa goshinmu da dare.
Damisa ta fara gumi tun a inuwa.
Ƙaramar ko a jikinta.

Daga bayan kanta wata murya ta taso,
mai gyara ce, Consorcia, tabarau a karan hanci,
da ɗan sukudireba a bayan kunne.
Ta miƙo min wata fanka da ta ciro,
tsatsa da gishiri sun yi mata rawani.
"Daga bakin teku aka kawo ta, irin wajenku.
Mai zafi dole ta sha iska,
iskarku kuwa gishiri ce.
Kuma in zafi ya kai mata wuya
da kanta take rage gudu,
ki biya kuɗin damisa, ki koma gida da kunkuru."
Renante ya shiga goge gilashin da ba datti.

Ban ƙi gudu ba, kada a yi min ƙarya.
Na tsaya na daɗe ina kallon baƙar nan,
raina na biyawa.
Amma ni ba fim nake haɗawa ba,
jeren lambobi ne, da wasiƙa zuwa ofishin gunduma,
da hoton jikana in sadarwa ta ga dama.
Farantin solarmu ɗaya ne, shi ma da tsaga a kusurwa.
Daidai ruwa, daidai tsaki.
Zafin nema, an ce, ba ya kawo samu,
ni na ga zafin da ya kai ni ga rashi.

Yanzu sha ɗaya saura na dare.
Janareta ya yi tarinsa na ƙarshe tun ɗazu.
Batir na cewa saura awa bakwai,
ba huci, ba kuka, har ina jin teku
yana wanke ƙafar gidan.
Na kai kan bashin Teodulo, wanda ba ya raguwa.

Kyanwata kaɗai ba ta yafe min ba.
Da can gefen tsohuwar take kwana, don ɗumi.
Ta zo, ta shinshina sabuwar,
ta ji ta sanyi ƙalau kamar cikin kifi,
ta harare ni,
ta tafi murhu.